Yadda Imel, Allon Kwamfuta da Manhajojin Waya Ke Rage Rubuta Magani da Gwajin da Ba a Buƙata

Masu amfani da iPhone ko Android sun san rahoton nan da waya ke fitarwa, wanda ke nuna awa nawa mutum ya ƙarar a TikTok ko WhatsApp cikin mako. Wayar ba ta hana kowa komai ba, ƙididdiga kawai ta ajiye masa a gabansa. Duk da haka, da yawa in sun ga adadin sai su ji nauyi, su ɗan rage. Irin wannan dabarar ce hukumomin lafiya a Ingila, Amurka, Ostireliya da Kanada suka shafe fiye da shekara goma suna gwadawa a kan likitocin iyali, wato likitocin da majinyaci ke fara gani kafin a tura shi babban asibiti. Burinsu shi ne likita ya rage rubuta maganin da ba zai amfani majinyaci ba, ya kuma rage tura shi gwajin da ba zai canza komai a jinyarsa ba.

Me ya sa abin ya zama damuwa?

Mafi yawan mura, tari da ciwon maƙogwaro ƙwayar bairos ce ke kawo su. Maganin antibayotik, irin su amoxicillin da ciprofloxacin, bakteriya yake kashewa, bai san hanyar bairos ba. Mai mura da ya sha antibayotik zai warke a lokacin da dama zai warke ko bai sha ba, sai dai ya ƙara wa kansa yiwuwar gudawa, ƙuraje ko tashin zuciya. Babbar illar kuma tana faruwa ne a ɓoye. Duk lokacin da maganin ya shiga jiki yana kashe bakteriya masu rauni, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. A hankali sai a wayi gari maganin ya daina aiki a kan cutar da a da yake warkarwa cikin kwana biyar.

Wani babban bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma suna da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'arsa shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara, inda aka samu kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. A Amurka kuma, wani nazari da aka fitar a 2016 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na antibayotik da ake rubuta wa marasa lafiyar da ba a kwantar ba, babu buƙatarsa sam.

Likita ya san duk wannan tun yana makaranta. To me ke sa shi rubutawa? Akwai ƙarancin lokaci: rubuta magani minti ɗaya ne, yi wa uwa bayanin dalilin da ya sa ɗanta ba ya buƙatarsa kuwa zai ci minti biyar, ga layi a waje. Akwai tsoron kuskure, domin likitan da ya hana magani ciwon ya tsananta shi za a zarga, wanda ya bayar ba gaira ba dalili kuwa ba mai tuhumarsa. Akwai zaton cewa majinyaci ba zai gamsu ba sai ya fita da takarda a hannu. Har gajiya tana da nata rabon. Wani bincike da aka yi a asibitocin yankin Boston, aka wallafa a 2014, ya gano cewa yiwuwar likita ya rubuta antibayotik na ƙaruwa yayin da awannin aikinsa ke tafiya. Ke nan matsalar ta fi kama da ta ɗabi'a, shi ya sa ƙarin lacca da taron bita ba su cika magance ta ba.

Wasiƙa ɗaya, magani 73,406

A Ingila ana tattara bayanan duk maganin da asibitocin likitocin iyali suka rubuta a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. Da waɗannan bayanan aka zaƙulo asibitoci 1,581 da ke cikin kashi 20 mafi yawan rubuta antibayotik a yankunansu, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A ƙarshen Satumbar 2014, likitoci 3,227 da ke asibitoci 791 suka samu wasiƙa mai sa hannun babbar jami'ar lafiya ta Ingila a lokacin, Sally Davies. Wasiƙar ta shaida wa likita cewa asibitinsa na rubuta antibayotik fiye da kashi 80 cikin 100 na asibitocin yankinsa. Ta kuma ba shi shawarwari uku masu sauƙi: ya koya wa majinyaci yadda zai kula da kansa a gida, ya ba da takardar magani ta jinkiri wadda ba za a karɓa ba sai in ciwon ya ƙi sauƙi, sannan ya tattauna da abokan aikinsa. Sauran asibitocin ba a aika musu komai ba.

Cikin wata shida, asibitocin da suka samu wasiƙar sun rage rubuta antibayotik da kashi 3.3 cikin 100 in an kwatanta da ɗaya ɓangaren. Adadin kamar kaɗan ne, amma ya kai magani 73,406 da ba a bayar ba, a kan kuɗin takarda da kan sarki. A cikin wannan gwajin an kuma aika wa wasu asibitoci fastoci da ƙasidu don wayar da kan majinyata, sai dai waɗannan ba su kawo wani canji a zo a gani ba.

Ostireliya ta ɗauki darasin a 2017. Babban jami'in lafiyarta, Brendan Murphy, ya rubuta wa likitocin iyali da ke cikin kashi 30 mafi yawan rubuta antibayotik, aka gwada salon wasiƙa iri-iri. Wadda ta fi tasiri ita ce mai ɗauke da ɗan zanen ƙididdiga da ke nuna likitan kusa da takwarorinsa, domin ta rage rubutawa da kashi 12.3 cikin 100 a wata shida. Hoto ɗaya ya yi abin da dogon bayani bai yi ba.

Yanzu a Ingila ba sai an jira wasiƙa ba. Shafin OpenPrescribing, wanda tawagar Ben Goldacre ta Jami'ar Oxford ke gudanarwa, yana ba kowa damar shiga daga wayarsa ya ga irin magungunan da kowane asibitin likitocin iyali ke rubutawa wata-wata, da yadda yake in an jera shi da saura. Ba a saka sunan majinyaci ko ɗaya a ciki, jimillar ƙididdiga ce kawai.

Akwatin da ke tambayar likita dalili

Gwajin da ya fi burge masu harkar manhaja an yi shi ne a Amurka, aka wallafa a mujallar JAMA a 2016 ƙarƙashin jagorancin Daniella Meeker da Jason Doctor. Ya ƙunshi ma'aikatan lafiya 248 a asibitoci 47 na Boston da Los Angeles, waɗanda ke rubuta magani ta kwamfuta. An gwada dabaru uku tsawon wata 18.

A ta farko, da zarar likita ya zaɓi antibayotik ga mai ciwon da bai buƙace shi ba, sai allo ya nuna masa wasu magungunan rage raɗaɗi da zai iya bayarwa a madadinsa. A ta biyu, wani akwati ne ke buɗewa ya nemi likitan ya rubuta dalilinsa da hannunsa, tare da sanar da shi cewa dalilin zai zauna a fayil ɗin majinyaci inda sauran likitoci za su gani. In ya tsallake akwatin, fayil ɗin zai nuna cewa ba a ba da dalili ba. A ta uku, imel ne ke zuwa duk wata yana gaya wa likita ko yana cikin waɗanda suka fi iya kauce wa rubutun banza ko ba ya ciki, haɗe da ƙididdigarsa da ta gwanayen.

A rukunin akwatin dalili, rubuta antibayotik ba bisa ƙa'ida ba ya sauko daga kashi 23.2 zuwa 5.2. A rukunin imel, daga 19.9 zuwa 3.7. Rukunin da ba a yi wa komai ba shi ma ya sauko, daga 24.1 zuwa 13.1, don haka masu binciken suka cire wannan kafin yanke hukunci. Bayan an cire, dabara ta biyu da ta uku suka tabbata masu tasiri, ta farko kuwa ba ta kai ma'aunin ba. Abin lura shi ne dabarun da suka yi aiki duk sun shafi idon jama'a ne: likita ba ya son abokan aikinsa su ga ya yi abu babu hujja, ba ya kuma son a ce yana bayan sa'o'insa.

An sake bibiyar likitocin shekara guda bayan kashe tsarin. Rubutun banza ya fara dawowa, musamman a rukunin akwatin dalili, yayin da tasirin imel ya fi daɗewa. Wannan na nufin irin wannan tsarin ba a kunna shi na wata uku a kashe, barinsa ake yi ya ci gaba da aiki.

Gwaji ma yana da nasa haɗarin

Mutane sun fi saurin yarda cewa magani na iya cutarwa fiye da gwaji. Ana ganin ai gwaji dubawa ce kawai. Lissafi ya nuna ba haka abin yake ba. A gwaje-gwajen jini da dama, ana tsara iyakar sakamakon lafiya ne ta yadda za ta ƙunshi kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, wanda ke nufin mutum 5 cikin 100 za su faɗo waje alhali lafiyarsu ƙalau. In aka yi wa lafiyayyen mutum gwaji 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da alamar matsala ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Daga nan sai ƙarin gwaji, ƙarin kuɗi, rashin barci, wani lokacin har da hoton CT mai ɗauke da tururin radiyeshan ko yankar tsoka don awo.

Koriya ta Kudu ta ga ƙarshen wannan hanyar. Bayan da ƙasar ta fara shirin binciken sankara na ƙasa a 1999, asibitoci suka riƙa ƙara wa mutane hoton wuya na sikanin a kan kuɗi kaɗan, ko da ba su da wata alamar ciwo. Zuwa 2011, yawan waɗanda aka ce suna da sankarar ƙululun tayirod ya ninka na 1993 sau 15, amma yawan masu mutuwa da ita bai motsa ba. Na'urar tana gano ƙananan ƙulluwa ne da mafi yawansu ba za su taɓa cutar da mai su ba. Dubban mutane aka yi wa tiyata, da yawansu suka koma shan maganin maye gurbin sinadarin ƙululun har ƙarshen rayuwa. A 2014 wasu likitoci takwas suka fito fili suka nemi a daina wannan binciken, kuma a shekarar da ta biyo baya yawan tiyatar ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100.

Irin wannan ne ya haifar da gangamin Choosing Wisely, wanda gidauniyar ABIM ta ƙaddamar a Amurka a 2012 tare da ƙungiyoyin ƙwararrun likitoci tara. Kowace ƙungiya ta fitar da abubuwa biyar da 'ya'yanta ke yawan yi waɗanda ya kamata a dakata a yi tunani kafin a yi. A jerin likitocin iyali akwai cewa kada a ɗauki hoton baya ga mai ciwon baya a makonni shida na farko, sai in akwai alamar haɗari, domin yawancin ciwon baya yana lafawa da kansa. Kanada ta buɗe nata gangamin a 2014, wasu ƙasashe fiye da 20 suka biyo baya.

Sai dai fitar da jeri daban, canza hali daban. Lardin Alberta na Kanada ya nuna inda tasirin yake. Likitoci sun saba tura mutane gwajin bitamin D barkatai. A 2015 aka canza takardar neman gwajin, ta yadda dole likita ya nuna wanne ne daga cikin 'yan dalilan da aka amince da su ya shafi majinyacinsa. Yawan gwajin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Duk mai ƙera manhaja ya san wannan sirrin: abin da ke buƙatar latsawa ɗaya kowa zai yi, abin da ke buƙatar ƙarin mataki sai mai buƙata ta gaske.

Kwamfutar hannu a ƙananan asibitoci

A wuraren da babu ɗakin gwaji kusa, ma'aikacin lafiya kan ba da antibayotik ne don bai da hanyar bambance bairos da bakteriya. Nan ƙananan na'urori ke shigowa. Akwai gwajin CRP, wanda ake yi da ɗigon jini daga yatsa, cikin 'yan mintoci ya nuna ƙarfin kumburin da ke jiki. A wani gwaji da aka yi da likitocin iyali a ƙasar Holan, aka wallafa a 2009, masu amfani da na'urar sun rubuta wa kashi 31 cikin 100 na masu tari antibayotik, waɗanda ba su da ita kuwa kashi 53. A wannan binciken dai, likitocin da aka horar kan yadda za su yi wa majinyaci bayani sun rubuta wa kashi 27, waɗanda ba a horar ba kashi 54. Iya magana ya yi aiki daidai da na'ura.

A Tanzaniya an haɗa gwajin CRP, awon ƙarfin jini da na'urar auna iskar oksijin ta yatsa da wata manhaja mai suna ePOCT+ da ke kan kwamfutar hannu. Manhajar tana bi da ma'aikacin lafiya tambaya bayan tambaya game da yaron da ke gabansa, ta gaya masa gwajin da ya dace, sannan ta ba da shawarar magani da adadinsa gwargwadon nauyin yaron. An gwada ta a ƙananan asibitoci 40, aka wallafa sakamakon a mujallar Nature Medicine. Inda aka yi amfani da ita, kashi 23.2 cikin 100 na yaran aka ba antibayotik. Inda ba a yi ba, kashi 70.1. Da aka bibiyi yaran bayan kwana bakwai, yawan waɗanda ba su warke ba kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ƙasa da kashi 4 cikin 100. Wato yara da yawa sun tsira daga shan maganin da ba su buƙata, kuma hakan bai cutar da su ba.

Wata manhaja mai kama da ita, ALMANACH, ta shiga ƙananan asibitocin jihar Adamawa tun 2016, ta hanyar haɗin gwiwar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa, cibiyar Swiss TPH ta Suwizalan da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar, don duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta fitar da littafin AWaRe a 2022, wanda ma'aikatan lafiya ke iya samu kyauta a waya. Tsarin ya kasa antibayotik gida uku: waɗanda za a fara da su, waɗanda za a yi taka-tsantsan da su, da waɗanda aka keɓe sai in komai ya gagara. Tun 2010 kuma hukumar ke cewa a tabbatar da maleriya ta gwaji kafin a ba da maganinta. Wannan misali ne na gwajin da ke da amfani, domin sakamakonsa ne ke yanke abin da za a yi.

Agogon hannu da binciken Google

Matsin lambar da likita ke fuskanta yanzu wani lokacin daga aljihun majinyaci yake fitowa. Mutum zai bincika alamun ciwonsa a Google ko ya tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya iso asibiti da sunan cuta da sunan gwajin da yake so. Wani kuma agogonsa ne ya yi ƙara. A binciken Apple Heart Study da Jami'ar Stanford ta gudanar, aka wallafa a 2019, an bi mutum 419,297 masu ɗaure da Apple Watch. Kashi 0.52 cikin 100 ne suka samu sanarwar rashin daidaiton bugun zuciya. Daga cikin mutum 450 da aka liƙa wa na'urar awon zuciya ta asibiti daga baya suka dawo da ita, kashi 34 cikin 100 ne aka tabbatar da matsalar a tare da su. Matsalar kan zo ta tafi, don haka ba za a ce sauran duk ƙarya agogon ya yi ba. Abin da adadin ke nunawa shi ne sanarwar agogo dalili ce ta zuwa ganin likita, shi kuma likitan ne zai duba shekaru, tarihi da alamu ya ga ko akwai buƙatar ƙarin awo.

Fasahar da ke gefen likita ita ma tana da iyaka. In allo ya cika fitar da gargaɗi, likita kan koma rufe su ba tare da karantawa ba, kamar yadda mai waya ke share sanarwar manhajoji. Ƙididdiga kuma na iya zaluntar likitan da yawancin majinyatansa tsofaffi ne ko masu ciwo mai tsanani. Akwai kuma haɗarin a matsa wa likita har ya hana magani ga wanda ke buƙatarsa da gaske, alhali ciwon huhu, sanƙarau ko gubar jini ba sa jira. Shi ya sa tsare-tsaren da suka yi nasara suka bar hukuncin ƙarshe a hannun likita.

Abin da ya rage wa mai karatu

Gangamin Choosing Wisely ya shawarci majinyata su riƙa yin 'yan tambayoyi kafin karɓar magani ko gwaji, kuma ana iya ajiye su a manhajar rubutu ta waya. Shin ana buƙatar wannan da gaske? Wace illa ke tattare da shi? Akwai hanya mafi sauƙi? Me zai faru in aka jira? Nawa zai ci? In likita ya ce a koma gida a huta, yana da kyau a tambaye shi alamun da in an gani za a dawo da gaggawa, da kwana nawa ya kamata a jira.

Wayar na iya taimakawa ta wasu hanyoyin. Ɗaukar hoton sakamakon gwaji da takardun magani yana hana a maimaita gwajin da aka yi makon jiya a wani asibitin. Rubuta ranar da zazzabi ya fara da abin da aka riga aka sha yana taƙaita wa likita lalube. Ragowar antibayotik na wani, ko wanda aka saya a kemis bisa shawarar wani bidiyo, ba ya cikin lissafin kowace manhaja da aka ambata a sama, kuma bakteriya na koyon bijire masa kamar yadda suke koyon bijire wa wanda likita ya rubuta. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024, ƙasashe sun amince su rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewar bakteriya da kashi 10 cikin 100 nan da 2030. Wani ɓangare na wannan aikin yana kan allon likita, wani kuma yana hannun majinyacin da aka ce masa ba ya buƙatar magani ya yarda ya tafi gida.